Masu cewa "babu biyu": me mai neman Allah zai samu a wurinsu?

Auwal:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da tambaya ga malamanmu, kuma don Allah a amsa min da ilimi, ban da faɗa. Kwanan nan bidiyoyin wasu masu koyarwa sun yi yawa a YouTube. Galibinsu Turawa ne, amma kowannensu yana jingina kansa da wani malami na Indiya. Abin da suke faɗa shi ne, wannan "ni" da kowa yake ji a ransa, mai suna da tarihi da tsoro da buri, ba shi da wata samuwa ta kansa. Samuwa ɗaya ce tak, ita ce mai gani, ita ce abin da ake gani. Wanda ya gane haka, in ji su, ya farka, damuwarsa ta ƙare. Har suna cewa ba a buƙatar wani aiki ko wata ibada kafin a kai ga hakan, domin mai neman shi ne abin da yake nema.

Shin wannan shi ne wahdatul wujud ɗin da muke ji ana jingina wa sufaye? Sannan akwai abin da mai neman Allah zai ƙaru da shi a nan, ko ɓata lokaci ne kawai?

Abu Ammar:
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa Auwal, rufe bidiyoyin nan ka huta. Asalin maganar daga addinin Hindu take, kuma ta ci karo da tushen abin da Annabawa suka zo da shi: akwai Mahalicci, akwai abin halitta, ba sa taɓa zama ɗaya. Allah yana cewa a Suratu Maryam, aya ta 93, babu kowa a sammai da ƙasa face zai zo wa Mai Rahama yana bawa. Idan babu biyu, wa yake sujada, wa ake yi wa? Wa za a tsayar ranar hisabi? Wannan cuta ta taɓa shigowa cikin Musulmi ta hannun su Ibn Arabi da Ibn Sab'in, kuma Shaikhul Islam Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a 728 bayan Hijira, ya yi musu raddi mai gamsarwa. Kayan dai su ne, 'yan tallan ne suka sauya.

Mustapha:
Ni a Chennai nake karatu, kuma garin Tiruvannamalai, inda yawancin masu bidiyon nan suke jingina kansu, tafiyar 'yan sa'o'i ce a mota daga inda nake. Na je na ga wurin, don haka bari in ɗan saka baki.

Mutumin da suke yawan ambata shi ne Ramana Maharshi, an haife shi a 1879, ya mutu a 1950. Yana ɗan shekara 16, a gidan baffansa a garin Madurai, tsoron mutuwa ya kama shi haka kawai ba ciwon komai. Sai ya kwanta ya sandare kamar gawa, ya tambayi kansa: to jiki ya mutu, za a ɗauka a ƙone, ni fa na mutu? Ya ce a nan ya ga akwai wani sani a tare da shi da bai mutu da jikin ba. Bayan 'yan makonni ya bar gida ya nufi dutsen Arunachala, a 1896 ke nan, kuma bai sake barin gindin dutsen ba har mutuwarsa. Koyarwarsa ba ta da yawa. Duk wanda ya zo masa da damuwa, sai ya ce masa ya bincika, wane ne wannan da yake cikin damuwar?

Abin da na gani a can ya sha bamban da abin da ke cikin bidiyo. Wurin cike yake da bautarsu. Safe da yamma ana rera littattafan Veda a gefen kabarinsa, ana kunna fitilu, ana zuba madara. Akwai wani ƙaramin ɗaki da kujerar da yake zama a kai, an ɗora hotonsa, mutane suna zazzaune a ƙasa ba mai cewa uffan, sai kukan ɗawisu da kake jiyowa daga tsakar gida. Abinci a ƙasa ake ci, sahu-sahu, a kan ganye. Daren da wata ya cika kuwa dubban mutane ne suke kewaya dutsen ba takalmi, kusan kilomita 14. Ni daga bakin ƙofa na tsaya a wurin bautar, domin ba addinina ba ne.

Saboda haka Malam Abu Ammar ya yi gaskiya ta wannan fuska. Duk wanda ya ce maka wannan koyarwa ba ta da addini, bai gaya maka gaskiya ba. Tana da addini, tana da littattafai, tana da limamai.

Malam Habibu:
Bismillah. Auwal ɗana, tambayarka mai kyau ce. Malam Abu Ammar kuma, Allah ya ƙara sani, amma ka haɗa abubuwa biyu da ba su haɗu ba.

Abin da muka karɓa daga shehunanmu shi ne, samuwar Allah tasa ce, bai aro ta a wurin kowa ba, kuma ba ta gushewa. Samuwar bawa kuwa ba shi aka yi, kuma kowane numfashi sai an sake ba shi. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce mafi gaskiyar kalmar da wani mawaƙi ya faɗa ita ce ta Labidu, cewa duk abin da ba Allah ba ɓatacce ne. Hadisin yana cikin Bukhari. Alƙur'ani kuma ya ce a ƙarshen Suratul Ƙasas, komai mai halaka ne sai zatinsa. Kowa ya san wannan a karatu. Abin da ake nema a tarbiyya shi ne ya sauka daga baki zuwa zuciya.

Idan muridi ya lizimci zikiri, akwai lokacin da ambaton Allah zai rinjaye shi har ya manta da kansa, ya manta ma da cewa yana zikiri. Wannan shi ne fana'i. Bai zama Allah ba, subhanallah. Ganinsa ne ya ɗauke daga kansa. Kuma ba nan ne ƙarshen tafiya ba, tsakiyarta ce. Dole ya dawo, ya ga sama sama ce, ƙasa ƙasa ce, halal halal ce, haram haram ce, iyalinsa suna jiran cefane. Wannan dawowar ita ce baƙa'i. Imamu Junaidu na Bagadaza a kan haka ya tsaya, cewa wartsakewa ta fi maye. Imamu Gazali kuma ya ce maganar masoya a halin maye naɗe ta ake yi, ba a yaɗa ta, kuma idan hankali ya dawo musu su da kansu suke gane cewa ba haɗewa suka yi da Allah ba.

Tun da Failar Shehu Ibrahim Inyass ta bayyana a Kaulaha a 1929 har ta iso Kano, ba mu san ana ba mutum tarbiyya daga nesa ba. Sai an ga sallarsa, an ga laziminsa da wazifarsa, an san halinsa da iyayensa. Muƙaddami ne yake ba shi izini, yake bibiyarsa, idan ya ga abin yana neman fin ƙarfinsa ya dakatar da shi.

Bambancinmu da mutanen Indiya, gwargwadon abin da Mustapha ya kawo, a nan yake. Su suna cewa idan ka tona cikinka za ka tarar kai ne Shi. Mu muna cewa idan ka tona za ka tarar ba ka mallaki komai ba, ko numfashin da kake tonon da shi. Wancan yana ƙarewa da "ni ne", wannan yana ƙarewa da sujada.

Abu Ammar:
Allah ya gafarta Malam, na ji bayaninka, kuma da a nan abin ya tsaya da da sauƙi. Amma muna da kunnuwa. Mun ji abin da wasu suke faɗa a wuraren maulidi da lasifika, maganganun da ba zan iya rubuta su a nan ba. Mun ga waɗanda suka ajiye salla suna cewa sun isa. 'Yan haƙiƙa daga ina suka fito? Ba daga sama suka faɗo ba, wannan ƙofar da kuka buɗe ita suka bi.

Malam Habibu:
Waɗanda kake faɗa, manyan shehunan ɗariƙa sun barranta daga gare su a bainar jama'a, ba sau ɗaya ba. Wanda ya ce ya isa har an ɗauke masa salla, Shaiɗan ne ya isa da shi. Aya ta ƙarshe a Suratul Hijr ta ce ka bauta wa Ubangijinka har yaƙini ya zo maka, malaman tafsiri kuma suka ce yaƙinin nan mutuwa ce. Shugaban masana Allah ya yi tsayuwar dare har ƙafafunsa suka kumbura, aka yi masa magana ya ce ashe ba zan zama bawa mai godiya ba? Wa ya fi shi isa? Ban musa maka ba cewa akwai masu ba da tarbiyya ba su cancanta ba, kuma yana daga cikin abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya. Amma maganin muƙaddamin banza shi ne muƙaddamin kirki, ba rushe zawiya ba.

Admin:
Jama'a, muhawara tana tafiya da kyau. A ci gaba a haka, ban da kafirta juna, ban da ambaton sunan wani malami mai rai da zagi.

Malama Hadiza:
Ina so in ƙara wani abu ta fuskar tarihi, domin wannan gardamar da Malam Habibu da Malam Abu Ammar suke yi an taɓa yin ta a Indiya ɗin kanta, inda Musulmi da Hindu suke zaune gida da gida.

Ɗan sarki Dara Shikoh, babban ɗan Shah Jahan wanda ya gina Taj Mahal, Baƙadire ne. Ya yi imanin cewa abin da sufaye suke nufi da abin da malaman Vedanta, wata makarantar falsafar Hindu, suke nufi abu ɗaya ne, har ya tara malaman Hindu na garin Banaras suka fassara littattafan Upanishad zuwa Farisanci a 1657. Bayan shekara 2 ƙaninsa Aurangzeb, wanda ya ci shi da yaƙi a rigimar gadon sarauta, ya sa aka kashe shi da tuhumar ridda. Siyasa ta shiga ciki sosai, amma tuhumar da aka yi amfani da ita ke nan.

Kafin shi akwai Shehu Ahmad Sirhindi, Banaƙshabande, wanda ya rasu a 1624. Shi sufi ne na gaske, kuma ya ce shi da kansa ya taɓa zama cikin halin da ba ya ganin komai sai Allah, daga baya aka wuce da shi gaba. Misalin da ya bayar shi ne, idan rana ta fito ba ka ganin taurari, amma ba don babu su ba. Wanda ya ce "ba na ganinsu" ya yi gaskiya, wanda ya ce "babu su" ya yi kuskure. Shi ya sa ake jingina masa wahdatush shuhud, wato kaɗaitakar a gani take, ba a samuwa ba, kuma a wurinsa matsayi mafi girma shi ne bauta.

Su ma Hindu ɗin ba bakinsu ɗaya ba. Shankara, wanda ya tsara wannan koyarwa ta "babu biyu" wajen ƙarni na 8, ya samu masu yi masa raddi daga cikin gida. Ramanuja, wanda ya mutu a 1137, ya ce rai abu ne na gaske mai dogaro da Ubangiji, kuma idan ka share bambanci ka share soyayya, domin so sai da biyu. Madhva a ƙarni na 13 ya fi shi tsanantawa.

Mu ma nan ba baƙin wannan ilimi ba ne. Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu ta wajen 'yarsa Khadija, wanda ya rayu daga 1804 zuwa 1864, ya yi rubutu mai zurfi a kan samuwa a bisa tafarkin makarantar Ibn Arabi, kuma a hannun kawunsa Muhammadu Sambo ya yi suluki. Gidan da ya yi jihadi a kan tsayar da shari'a, a cikinsa aka karanta wannan. Amma fa ga waɗanda suka gama da fiƙihu da tauhidi ake karantar da shi, ba a kasuwa ba.

Malam Abu Ammar, Ibn Taimiyya ma ai ya kasa fana'i gida uku: gushewa daga nufin wanin Allah, wanda ya yaba, gushewa daga ganin wanin Allah, wanda ya yi wa mai shi uzuri, da cewa babu samuwar wanin Allah, wanda shi ne ya yaƙa.

Abu Ammar:
Haka ne Malama, ya kasa shi uku. Amma ki ƙarasa: na biyun ya ce rauni ne, ba kamala ba, kuma manyan Sahabbai ba su san shi ba, domin zukatansu sun fi ƙarfin su suma. To abin da Abubakar da Umar ba su nema ba, don me za a tara matasa a ce su neme shi?

Kabiru:
Ni ba malami ba ne, ɗan kasuwa ne, amma bari in faɗi abin da na sani a kaina, domin na ga kowa yana magana ba wanda ya ce ya gwada.

Lokacin da jarina ya karye, na shiga wani hali da ba na fatan maƙiyina ya shiga. In na kwanta, ƙwaƙwalwata ba ta yin shiru: wane ya ci amanarka, wane yana yi maka dariya, yaranka za su tashi a wulaƙance. Ko a salla ban tsira ba, sai in yi raka'a huɗu ban san me na karanta ba. A lokacin na ci karo da wannan tambaya ta Ramana. Na fara yi, duk sanda tunanin ya taso sai in tsaya in ce, wa yake jin wannan? Wallahi sai na lura tunanin zuwa yake yi ya wuce, ni kuma ina nan ina kallonsa. Ashe ba dole ne in bi kowanne ba. Ranar da na fara ganin haka a shago nake, wani da nake bi bashi ya wuce ta gabana ya kau da kai, zuciyata ta taso, na ga tasowarta, na ga kwanciyarta, ban ce masa komai ba. Da can da sai an raba mu.

Ban taɓa cewa ni Allah ne ba, a'uzu billahi, kuma ban bar salla ba. Sallar ma sai ta fi daɗi. To wannan fa, Malam Abu Ammar, me za ka ce da shi?

Abu Ammar:
Alhaji Kabiru, Allah ya mayar maka da alheri. Abin da ka samu gaskiya ne, amma ba sai ka je Indiya ba. Annabi ya ce ƙarfi ba a kokawa yake ba, mai ƙarfi shi ne wanda ya mallaki kansa lokacin fushi. Ka ɗauki kaɗan ka tsira. Tsorona ga wanda zai ɗauka duka.

Malam Habibu:
Alhaji, abin da ka yi muna kiransa muraƙaba, wato tsaron zuciya da lura da abin da ke shiga cikinta. Malamai sun yi bayanin waɗannan tunane-tunane, wanne ne na rai, wanne ne na Shaiɗan, wanne ne na mala'ika. Ka samu rabin abin. Ka ga kai ba tunaninka ba ne. Saura ka tambaya, wannan mai kallon, wa yake kallonsa? A hadisin Jibrilu aka ce, in kai ba ka ganinsa, to shi yana ganinka.

Maman Ilham:
Tun ɗazu nake karantawa ina ta tunanin ko in yi magana. Ina da ƙani, ya gama jami'a, yaro mai natsuwa, shi yake kai Babanmu asibiti. Ya shiga sauraron irin waɗannan bidiyoyi dare da rana. Da farko mun ji daɗi don ya rage fushi. Daga baya sai ya daina zuwa wurin aikin da aka samo masa. In an yi magana ya ce babu mai aikatawa, komai faruwa kawai yake yi. Da goggonmu ta rasu, muna zaune a tsakar gida ana karɓar gaisuwa, Mama tana kuka, ya zo ya tsaya a kanta ya ce babu wanda ya mutu. Mama ta ɗago ta kalle shi kamar ba ta san shi ba.

Abin da ya fi tayar min da hankali, kwanakin baya ya same ni a kicin ya ce, Yaya, idan na kalli hannuna sai in ga kamar ba nawa ba, in na yi magana sai in ji kamar wani ne yake yi. Ya ce malamansa sun ce alamar farkawa ce, amma shi tsoro yake ji, kuma ba ya barci. Don Allah wannan fatahi ne, wato buɗi daga Allah, ko ciwo?

Dakta Safiya:
Maman Ilham, sannu, Allah ya ba shi lafiya. Ba zan yanke hukunci a kan wanda ban gani ba, amma abin da kika kwatanta mun san shi a asibiti. Akwai yanayin da mutum yake jin ya rabu da jikinsa, ko duniya ta zama kamar mafarki. Yakan zo tare da matsananciyar damuwa, ko fargaba, ko rashin barci, ko shan wasu ƙwayoyi, kuma yakan zo wa wasu da suka tsananta zaman tunani su kaɗai. A 2017 wasu masu bincike a Jami'ar Brown ta Amurka sun fitar da sakamakon hira da mutum 60 masu irin wannan zama a tafarkin Buddha, waɗanda suka gamu da matsala. Cikin abin da suka faɗa akwai tsoro, da rikicewar barci, da ɓacewar jin "ni", wasu har ya hana su aiki na tsawon watanni ko shekaru. Binciken bai nuna yawan waɗanda abin ke samu ba, domin da ma masu matsalar aka nema, amma ya nuna abin yana faruwa.

Abin da nake dubawa a wurin aiki ba shi ne me mutum ya yi imani da shi ba. Ina duba barcinsa, cin abincinsa, aikinsa, da yadda yake da mutanensa. Ƙaninki ba ya barci, ya bar aiki, yana jin tsoro, kuma ya zo ya gaya miki. Wannan zuwan da ya yi neman taimako ne. Kada ku yi masa gardamar aƙida yanzu, kada ku ce masa ya haukace. Ku ce za a je a duba rashin barcin. Ya dakata da bidiyon, ya rage zaman kaɗaici, a ba shi aikin da zai motsa jiki. Ku tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin cutar da kansa, tambayar ba ta jawo abin. In ya ce e, ranar za ku kai shi, ba gobe ba.

Mustapha:
Abin da aka gaya wa ƙanin Maman Ilham, ko a ma'aunin su Shankara kuskure ne. A makarantarsa ba a fara wannan karatu sai ɗalibi ya cika sharuɗɗa 4: ya iya bambance mai wanzuwa da mai gushewa, ya yanke kwaɗayi, ya mallaki wasu halaye 6 da suka haɗa da kame zuciya da gaɓɓai da juriya, sannan ya zama yana ƙishin tsira da gaske. Kuma sun raba magana hawa-hawa. A hawan mu'amala uwa uwa ce, mutuwa mutuwa ce, bashi sai an biya. Ɗauko maganar hawan sama a jefi mai makoki da ita, su ma ba su yarda da shi ba.

Ramana kansa mahaifiyarsa ta zo ta zauna wurinsa, shi ya yi jinyarta har ta mutu a 1922. Kafin asuba yake tashi ya shiga kicin yana yanka kayan miya. Masu zuwa su ce za su bar iyali su shiga daji, yakan hana su. Nisargadatta na Mumbai, wanda ya mutu a 1981, mai shagon taba ne, kuma har tsufansa kullum sai ya yi waƙoƙin bautar da malaminsa ya umarce shi.

Wannan salon na "ba abin da za ka yi, ka riga ka isa" ya yaɗu ne daga wajejen 1990, lokacin da Turawa suka yi ta tururuwa zuwa Lucknow wurin wani almajirin Ramana mai suna Poonja. Da yawa suka koma ƙasashensu suka buɗe nasu majalisin, wasu da kuɗin shiga. Malaman Vedanta na gargajiya a nan Indiya suna sukarsu sosai a kan sun jefar da sharuɗɗan.

Ishaya:
Mu ma a Kiristanci muna da irin wannan. Manzo Bulus ya rubuta wa Galatiyawa cewa ba shi ne yake rayuwa ba, Almasihu ne yake rayuwa a cikinsa. Wani malamin coci Bajamushe, Meister Eckhart, ya zurfafa a irin wannan magana har Paparoma ya yi tir da wasu jimlolinsa a 1329, bayan mutuwarsa. Amma Bulus ɗin nan da ya faɗi haka, saƙar tanti yake yi da hannunsa don kada ya zama nauyi a kan kowa. Maman Ilham, muna yi wa ƙaninki addu'a.

Auwal:
Na gode ƙwarai, na ƙaru. Saura abu ɗaya da ya tsaya min. Hadisin nan na Bukhari da Allah yake cewa bawa ba zai gushe yana kusantarsa da nafiloli ba har ya so shi, idan ya so shi sai ya zama jinsa da yake ji da shi, da ganinsa da yake gani da shi. Wani daga cikin masu bidiyon ma ya kawo shi. Ba hujjarsu ba ce?

Abu Ammar:
Karanta shi har ƙarshe, ɗan'uwa. Ya ce in ya roƙe ni zan ba shi, in ya nemi tsarina zan tsare shi. Ga mai roƙo, ga wanda ake roƙo. Kuma dubi farkonsa: babu abin da bawa zai kusanci Allah da shi da ya fi farillai. Farilla, sannan nafila, sannan so. Su kuma sun ce ba aiki.

Malam Habibu:
A wannan kam ni da Malam Abu Ammar bakinmu ɗaya, kuma na ji daɗin yadda ya karanta shi. Inda muka rabu shi ne tsakiyar hadisin. Shi yana fassara shi da cewa Allah yana yi wa gaɓɓan bawa dace, ba ya ji ko gani sai abin da Allah yake so. Mu mun yarda da haka, muna kuma cewa akwai ɗanɗano a ciki wanda bawa yake samu a zuciyarsa tun a duniya, kuma neman sa ba laifi ba ne in an bi ta ƙofa.

Auwal, in kana jin wannan ƙishin, kada ka kashe shi, kuma kada ka kai shi wurin wanda bai san sunanka ba. Nemi malami mai rai wanda za ka ga yadda yake da matansa da maƙwabtansa, wanda zai iya ce maka tsaya.

Maman Ilham, ku bi maganar Dakta. Ko a zawiya, muridin da ya daina barci ya fara jin tsoro, dakatar masa da zikirin muke yi, mu ce a ba shi abinci mai maiƙo, ya shiga mutane, ya koma sana'arsa. In kuna da wani dattijo da yake jin nauyinsa, ya riƙa jan sa zuwa jam'i.

Abu Ammar:
Ni dai har yanzu ina kan bakana a maganar tarbiyya, Malam, kuma zan kawo maganganun malamai a kai in an buɗe mata zaure nata. Amma yaron nan a kai shi asibiti.

Maman Ilham:
Na gode muku duka. Kawunmu ne kaɗai yake jin maganarsa yanzu, zan kira shi bayan isha'i in karanta masa abin da Dakta ta rubuta. Dakta Safiya, wane sashe za mu nema in mun je, kuma sai da takardar wani likita ake ganinsu?

Dakta Safiya:
Ku fara da sashen marasa lafiya na waje, ku faɗi rashin barcin da tsoron da jin jikinsa ba nasa ba, su za su tura ku wurin likitan ƙwaƙwalwa. Ki rubuta lokacin da abin ya fara da duk wani magani da yake sha, ki tafi da takardar. Ki shiga tare da shi in ya yarda.